Mutuwa da Taimakon Likita da Cututtukan Muhalli a Kanada: Tambayoyi da Amsoshi

Tun daga shekarar 2016 dokar Kanada ta yarda likita ya kawo ƙarshen rayuwar majinyacin da ya nemi hakan da kansa, idan ya cika wasu sharuɗɗa. Ba a daɗe ba muhawarar ta gangaro kan wasu mutane da masu rubuta dokar ba su fi mayar da hankali a kansu ba, wato waɗanda wahalarsu ta samo asali daga inda suke zaune: iskar da suke shaƙa, hayaƙin da ke ratso musu ɗaki, da gidan da ba su da ƙarfin barinsa. Wannan shafi ya tattaro tambayoyin da suka fi tasowa a kan batun. Matsayina a fili yake tun daga farko: bai kamata hukuma ta kira wahala marar magani ba alhali maganinta gida ne mai tsabtar iska, wanda ita ce ta gaza samar da shi.

Mene ne ainihin abin da dokar ta halatta?

Ta halatta wa likita, ko babban ma'aikacin jinya mai lasisin rubuta magani, ya ba majinyaci maganin da zai kashe shi, ko ya rubuta masa ya sha da hannunsa. A aikace kusan duk waɗanda suka mutu ta wannan hanya a Kanada ma'aikacin lafiya ne ya yi musu allura. Dole mai nema ya kai shekara 18, ya kasance cikin hayyacinsa, yana cikin tsarin kiwon lafiyar gwamnati, kuma ba tilasta masa aka yi ba. Dole ne ma'aikatan lafiya biyu, waɗanda babu mai iko da wani a cikinsu, su tabbatar yana da cuta ko naƙasa mai tsanani da ba ta warkewa, jikinsa ya yi nisa wajen lalacewa ta yadda ba zai dawo ba, kuma yana cikin azabar da ba zai iya jurewa ba.

Akwai wata gaɓa a sharaɗi na ƙarshe da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin za mu sake komawa kanta. Dokar ta ce azabar ta kasance wadda ba za a iya sauƙaƙa ta ba ta hanyar da shi majinyacin yake ganin zai iya amincewa da ita. Ke nan ba lallai ne a gwada kowane magani ba kafin a amince da buƙatarsa.

Yaya aka yi Kanada ta kai ga wannan matsayi?

Kotuna ne suka ja gaba, majalisa tana biye. A 1993 wata mata mai suna Sue Rodriguez, wadda cutar shanyewar jijiyoyi ke cinye ta a hankali, ta nemi Kotun Ƙoli ta ba ta izini, amma alƙalai 5 suka ƙi, 4 suka yarda. Bayan shekara 22, ranar 6 ga Fabrairun 2015, kotun ta sauya matsayi a shari'ar Carter, inda dukkan alƙalai 9 suka ce haramcin ya saɓa wa haƙƙin rayuwa da 'yanci da kundin tsarin mulki ya tanada. Majalisar tarayya ta yi doka a watan Yunin 2016, ta taƙaita abin ga wanda ake iya hasashen ajalinsa ya kusanto.

Wannan taƙaitawa ba ta yi ƙarko ba. A watan Satumban 2019 wata babbar kotu a lardin Kebek ta soke ta a ƙarar da Jean Truchon da Nicole Gladu suka shigar, waɗanda dukansu naƙasassu ne da ba a gargarar mutuwa suke ba. Gwamnatin Justin Trudeau ba ta ɗaukaka ƙara ba, duk da cewa hukuncin alƙali ɗaya ne a lardi ɗaya, kuma har yau masu suka suna ganin a nan aka yi gaggawa. A ranar 17 ga Maris ɗin 2021 aka yi wa dokar kwaskwarima, aka raba masu nema gida biyu. Rukuni na farko su ne waɗanda ajalinsu ya kusanto, kuma an cire musu jiran kwana 10 da ake yi a da. Rukuni na biyu su ne waɗanda za su iya ƙara shekaru masu yawa a duniya, kuma su an sa musu aƙalla kwana 90 na tantancewa. Duk rigimar da ta shafi muhalli da talauci a rukuni na biyu take.

Mutum nawa ne ke mutuwa ta wannan hanya?

Alƙaluman ma'aikatar lafiya ta tarayya sun nuna mutum 13,241 a 2022, sannan 15,343 a 2023, wato kashi 4.7 cikin 100 na dukkan mace-macen ƙasar a shekarar. Mafi yawansu tsofaffi ne da suka haura shekara 75, kuma cutar daji ce ta fi yawa a cikinsu. Waɗanda ke rukuni na biyu a 2023 su 622 ne, kimanin kashi 4 cikin 100. Masu goyon bayan dokar kan nuna ƙanƙantar wannan adadi, masu adawa kuma su amsa da cewa mutum 622 da ba ajalinsu ne ya zo ba, a shekara guda, ba abin da za a kira kaɗan ba ne.

Ina muhalli ya shigo cikin maganar?

Ya shigo ne ta hanyar wata mata 'yar shekara 51 a birnin Toronto, wadda ta mutu da taimakon likita a watan Fabrairun 2022, kuma gidan talabijin na CTV ya ba da labarinta bayan wata biyu ba tare da bayyana sunanta na gaskiya ba. Tana fama da cutar rashin jure sinadarai, inda ƙanshin turare, ko sabulun wanki, ko feshin goge daɓe, ko hayaƙin taba, kan jawo wa mai ita ciwon kai mai tsanani, ƙuraje, tashin zuciya da sarƙewar numfashi. Tana zaune a wani gidan haya mai hawa-hawa na masu ƙaramin ƙarfi. Da annobar korona ta zo, maƙwabta suka koma zama a gida dare da rana, hayaƙin taba da na wiwi ya ƙaru yana bin bututun iska yana shigo mata, masu kula da gini kuma suka ƙara yawan feshin kashe ƙwayoyin cuta a barandu. Ta koma rayuwa a ɗaki ɗaya, ta toshe kafofin iska.

Shekara 2 ta yi tana rubuta wa hukumomi na birni da na lardi da na tarayya wasiƙu, tana neman gida mai araha da babu hayaƙi. Likitoci 4 sun rubuta wasiƙa suna mara mata baya, suna bayyana cewa alamun cutarta kan ragu idan ta samu iska mai tsabta. Gidan bai samu ba. Izinin mutuwa ya samu.

Jim kaɗan bayan haka wata matashiya 'yar shekara 31, ita ma a Toronto, mai wannan cuta kuma mai amfani da keken guragu, ta bayyana cewa ta fara cike takardun neman mutuwa saboda dalili iri ɗaya. A lokacin, tallafin da lardin Ontariyo ke ba naƙasasshe marar iyali bai wuce dalar Kanada 1,169 a wata ba, kuma abin da aka ware wa haya a ciki bai kai dala 500 ba, a birnin da hayar ɗaki da falo ta zarce dukkan tallafin nesa ba kusa ba. Da labarinta ya bazu, jama'a suka tara mata gudunmawa, ta samu wurin zama na wucin gadi mai tagogin da ake iya buɗewa, kuma ta ce jikinta ya yi sauƙi. Wannan shi ne ya girgiza mutane da yawa, har da waɗanda suka goyi bayan dokar tun asali, domin ya nuna cewa abin da aka rubuta a takarda a matsayin azaba marar magani yana iya raguwa cikin 'yan makonni idan an sauya wa mutum ɗaki.

Shin likitoci sun yarda cewa wannan cuta ta gaske ce?

Sun yarda masu ita suna shan wahala ta gaske, amma sun saɓa a kan musabbabinta. Hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Kanada ta ɗauke ta a matsayin naƙasar da dole a yi wa mai ita tanadi a wurin aiki, kuma binciken hukumar ƙididdiga ya nuna kimanin mutum miliyan 1 ne suka ce likita ya gano musu ita, mafi yawansu mata. A gefe guda, cibiyar kiwon lafiyar jama'a ta Kebek ta fitar da dogon rahoto a 2021 tana cewa ba gubar sinadaran ce ke haddasa alamun ba, dogon zama cikin fargaba ne ke sa jiki ya riƙa ɗaukar ƙanshi a matsayin barazana. Ƙungiyoyin masu cutar da wasu likitocin muhalli sun ƙi amincewa da wannan matsaya.

Ko wane ɓangare ya yi daidai, dokar tana cikin tsaka mai wuya. Idan sinadarai ne sanadi, maganin shi ne a raba mutum da su, kuma wannan aikin gidaje ne da dokokin gini. Idan kuma fargaba ce, to cutar ta shiga sahun larurorin ƙwaƙwalwa, waɗanda majalisa da kanta ta ce ba a shirya amincewa da su su kaɗai a matsayin dalilin mutuwa ba. Babu ɗaya daga cikin fassarorin biyu da ke nuna an ƙure dabara.

Amma ai dokar ba ta ce talauci ko rashin gida hujja ba ne?

Gaskiya ne ba ta ce ba, kuma jami'an gwamnati sun sha nanata haka. Babu wanda za a amince masa saboda kawai ba shi da kuɗin haya. Matsalar ita ce yawancin masu naƙasa ko doguwar jinya sun riga sun cika sharaɗin cuta tun da daɗewa, suna rayuwarsu da ita shekara da shekaru. Abin da ke sauyawa ranar da suka ɗauki takardar nema sau da yawa ba cutar ba ce, halin zama ne: an ƙara haya, mai kula da su ya tafi, maƙwabci mai shan taba ya tare a kusa. Likitan da ke tantancewa zai rubuta sunan cutar a matsayin dalili, kuma bai yi ƙarya ba, amma abin da ya tunzura mutumin ba zai bayyana a ƙididdiga ba.

Ga 'yan rukuni na biyu, doka ta wajabta a sanar da mai nema irin taimakon da ake da shi, kamar shawarar ƙwararru, tallafin naƙasassu da kulawar sassauta raɗaɗi, kuma a tabbatar ya yi nazari a kansu da gaske. Ba ta wajabta a samar masa da su ba. Za a iya gaya wa mutum cewa akwai layin neman gidan gwamnati, ya shiga, alhali a Toronto ana shafe shekaru da dama a wannan layi, kuma sharaɗin doka ya cika. Kwana 90 na tantancewar mutuwa sun fi kowane layin taimako gajarta, kuma wannan tazarar lokaci ita ce zuciyar ƙorafin.

A watan Oktoban 2024 wani kwamiti da ofishin babban jami'in binciken musabbabin mutuwa na Ontariyo ya kafa ya fitar da rahotanni da suka ƙarfafa wannan damuwa. Sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na 'yan rukuni na biyu a lardin sun fito ne daga unguwannin da suka fi talauci, fiye da rabon da ya kamata a gani idan aka kwatanta da yawan jama'a. Rahoton tarayya na 2023 kuma ya nuna kusan rabin 'yan wannan rukuni sun ambaci kaɗaici cikin abubuwan da ke damunsu, alhali a rukuni na farko kusan mutum ɗaya ne cikin biyar.

Mene ne hujjar masu goyon bayan dokar?

Hujjarsu tana da nauyi, kuma adalci ne a kawo ta yadda suke faɗinta. Suna cewa kafin 2016 masu hali ne kaɗai ke iya zuwa Suwizalan su mutu yadda suka zaɓa, sauran kuma ko dai su jure azabar ƙarshe, ko su kashe kansu tun da sauran ƙarfi a jikinsu, cikin ɓoyo da kaɗaici. Kotun Ƙoli ta yi la'akari da wannan a 2015, ta ce haramcin yana sa wasu gajarta rayuwarsu tun kafin lokaci. Suna kuma cewa hana talaka abin da aka ba mai kuɗi, da sunan kare shi, raina masa hankali ne, kuma hana shi mutuwa ba zai gina masa gida ba. Abin da zai faru kawai shi ne ya ci gaba da shan wahala biyu. A ganinsu a gyara tallafi da gidaje, a bar dokar yadda take.

Inda nake rabuwa da su shi ne a kan ma'anar zaɓi. Zaɓi yana tabbata ne idan akwai hanyoyi biyu a buɗe. Matar Toronto ta fara da neman rayuwa, ta yi shekara 2 tana ƙwanƙwasa ƙofofi, kuma ƙofa ɗaya ce ta buɗe. Maganar a gyara gidaje daga baya ba ta da amfani ga wanda aka riga aka binne, domin kuskure a wannan fage ba ya gyaruwa.

Me ƙungiyoyin naƙasassu ke cewa?

Manyan ƙungiyoyinsu sun yi adawa da kwaskwarimar 2021 tun tana gaban majalisa. Ƙorafinsu shi ne dokar ta ware su daga sauran jama'a: idan lafiyayye ya ce ya gaji da duniya, sai a ruga a cece shi, a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, amma idan naƙasasshe ya faɗi kalma iri ɗaya, ana iya miƙa masa takardar nema. A 2024 gamayyar wasu daga cikin ƙungiyoyin ta shigar da ƙara a Ontariyo tana neman a soke rukuni na biyu, kuma a watan Maris ɗin 2025 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ya ba Kanada shawarar ta soke shi. Ba dukkan naƙasassu ne ke kan wannan ra'ayi ba. Kada a manta cewa waɗanda suka kai ƙarar 2019 su ma naƙasassu ne. Tallafin tarayya da aka daɗe ana yi musu alkawari ya fara fita a watan Yulin 2025, kuma mafi yawan abin da mutum zai samu a lokacin dala 200 ne a wata.

Gaskiya ne gwamnati na rage kashe kuɗi ta wannan hanya?

A watan Oktoban 2020 ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya ƙiyasta cewa tsarin, haɗe da faɗaɗawar da ake shirin yi, zai rage wa larduna kimanin dala miliyan 149 a 2021. Ofishin ya bayyana cewa wannan bai kai kashi ɗaya bisa goma na kashi 1 cikin 100 na kasafin lafiya ba, kuma babu shaidar cewa don tsimi aka yi dokar. Sai dai tsarin da mutuwar majinyaci ta fi masa araha a kan kula da shi yana buƙatar sa ido na musamman. A 2022 ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta amsa cewa wata ma'aikaciyarta ta bijiro wa tsofaffin sojoji 4 da maganar mutuwa da taimakon likita alhali wani taimakon suka zo nema.

Ban da wannan cuta, akwai wasu haɗurran muhalli da suka shafi muhawarar?

Akwai, kuma sun fi girma. Ma'aikatar lafiya ta Kanada ta ƙiyasta a rahotonta na 2021 cewa gurɓatar iska na jawo mutuwar mutum 15,300 kafin lokaci a kowace shekara, adadin da ya yi kusan daidai da na waɗanda suka mutu da taimakon likita a 2023. Cutar daji da cututtukan huhu da na zuciya, waɗanda su ne kan gaba a takardun masu nema, suna cikin cututtukan da iska mai guba ke haddasawa ko tsanantawa. Kanada ta yi fiye da ƙarni guda tana haƙar asbestos, wani ma'adini da ake amfani da shi wajen gini, a Kebek tana sayar wa duniya, ba ta haramta shi ba sai a 2018, kuma dajin da yake haifarwa a rufin huhu kan bayyana ne shekara 20 zuwa 50 bayan an shaƙe shi. Mahaƙi ko magini da ya shaƙi ƙurar a ƙuruciyarsa zai iya zama mai neman allurar a yau.

Misalin da ya fi nuna bambancin sauri shi ne na al'ummar Grassy Narrows, 'yan asalin ƙasar da ke arewa maso yammacin Ontariyo. Tsakanin 1962 da 1970 wata masana'antar takarda a garin Dryden ta zubar da kimanin kilo 9,000 na zaiba, wani ƙarfe mai guba, a kogin da suke kamun kifi. Kifin ne abincinsu kuma shi ne sana'arsu. An rufe kamun kifi na kasuwanci a 1970, gubar ta bi jini daga uwa zuwa ɗa, kuma har yau mafi yawan mutanen wurin na da alamunta, kamar karkarwa, mutuwar gaɓoɓi da raunin gani. An yi musu alkawarin gidan jinya na musamman a 2017, ba a fara ginin ba sai a 2025. Ƙasar da ta shimfiɗa tsarin mutuwa daga gaɓar teku zuwa gaɓar teku cikin wata 16 bayan hukuncin kotu ta shafe fiye da shekara 50 ba ta kammala kula da mutanen da aka zuba wa guba a kogi ba. Sai a 2023 majalisa ta rubuta haƙƙin samun muhalli mai lafiya a cikin dokar kare muhalli.

Yaya sauran ƙasashe suke yi?

Holan da Beljiyam sun halatta tun 2002, kuma ba sa sharaɗin kusantar ajali, amma a Holan dole likita da majinyaci su cimma matsaya tare cewa babu wata mafita mai ma'ana da ta rage. Jihar Oregon ta Amurka, tun 1997, ta taƙaita abin ga wanda bai fi wata 6 ya rage masa ba, kuma shi zai sha maganin da hannunsa. Kalifoniya ta bi wannan salo a 2016, shekara ɗaya da Kanada, yawan jama'arsu kuma kusan ɗaya ne, amma a 2021 mutum 486 ne suka mutu ta wannan hanya a can, a Kanada kuma sama da 10,000. A Birtaniya, majalisar wakilai ta amince da ƙudiri mai sharaɗin wata 6 a watan Yunin 2025 da ƙuri'a 314 a kan 291, kuma sunan Kanada ya yi ta fitowa a muhawarar a matsayin abin da ake tsoron kaiwa gare shi.

Mene ne matsayin addini, kuma cire wa majinyaci na'ura daidai yake da wannan?

Malaman Musulunci sun haɗu a kan haramcin kashe majinyaci ko taimaka masa ya kashe kansa, ko da shi ya roƙa, domin rai amana ce, kuma aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana mutum kashe kansa. Cocin Katolika da mafi yawan majami'u masu bin tsohuwar koyarwa suna kan haramci iri ɗaya, ko da yake wasu majami'u a Kanada sun sassauta.

Cire na'ura kuwa wata magana ce daban. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta yarda a cire na'urar numfashi idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba tare da yiwuwar dawowa ba. Haka kuma malamai da yawa sun yarda a dakatar da maganin da ba shi da fa'ida, a kuma ba majinyaci maganin kashe zafi mai ƙarfi da niyyar sauƙaƙa masa. Iyalai da dama kan rikita waɗannan abubuwa, su hana mara lafiyarsu maganin raɗaɗi don tsoron zunubi, ya yi ta shan azabar da babu wanda ya ɗora masa.

Me ya shafi mai karatu a Najeriya ko Nijar?

A Najeriya taimaka wa mutum ya kashe kansa babban laifi ne, a dokar laifuka ta kudu da ta arewa, kuma babu wani yunƙuri mai ƙarfi na sauya hakan. Abin da kotu ta amince da shi shi ne haƙƙin baligi mai hankali ya ƙi magani, kamar yadda Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Dakta Okonkwo a 2001. Wanda batun ya fi shafa kai tsaye su ne likitoci da ma'aikatan jinyarmu da ke aiki a Kanada. Dokar tarayya ba ta tilasta wa kowa ya yi allurar ba, amma a Ontariyo dole likitan da ya ƙi ya haɗa majinyacin da wanda zai duba buƙatarsa, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta lardin ta tabbatar da wannan ƙa'ida a 2019. Wanda zai tafi aiki can ya kamata ya san ƙa'idar lardin da zai sauka tun kafin ya sa hannu a takardar aiki.

Ta fuskar muhalli kuwa, mun ga irin wannan tarko a gida. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, inda ake daka da niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙura ta bi tsakar gida da tabarmi da hannuwan yara masu rarrafe. Kimanin yara 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma a garin Bagega ba ta iya fara bayarwa ba sai a 2013, saboda ba shi da amfani a yi wa yaro magani a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba, kuma kuɗin kwashe ƙasar ya maƙale a hannun gwamnati. A can ma, abin da ya raba yaro da warkewa ba ƙarancin ilimin likita ba ne, aikin da ke wuyan hukuma ne.

Wane gyara ake nema, kuma me ya rage a gaba?

Masu neman gyara sun kasu biyu. Wasu na so a soke rukuni na biyu gaba ɗaya a koma sharaɗin kusantar ajali. Wasu na so a bar shi amma a ɗaure shi: a hana amincewa da buƙata matuƙar akwai taimakon gida ko kulawa da mutum ya nema bai samu ba, a sa kwamiti mai zaman kansa ya duba kowace buƙata kafin mutuwa maimakon bayanta, a kuma hana ma'aikacin lafiya fara bijiro da maganar idan majinyaci bai tambaya ba. A ganina mafi ƙarancin abin da ya dace shi ne hana amincewa da buƙata matuƙar mutum bai samu taimakon da ya nema ba, tare da ba mai irin wannan buƙata fifiko a layin gidaje, domin wanda ya kai ga neman mutuwa saboda hayaƙin maƙwabta ya fi kowa cancantar a sauya masa ɗaki cikin gaggawa.

A halin yanzu akalar tana karkata ne zuwa faɗaɗawa. Tun 30 ga Oktoban 2024 Kebek ta fara karɓar buƙatar da mutum zai rubuta ya ajiye kafin cutar mantuwa ta ɗauke masa hankali, duk da cewa dokar laifuka ta tarayya ba ta tanadi hakan ba. Batun masu larurar ƙwaƙwalwa kaɗai an ɗage shi daga 2023 zuwa 2024, aka sake ɗage shi zuwa 17 ga Maris ɗin 2027, bayan mafi yawan larduna sun ce asibitocinsu ba su shirya ba, kuma likitocin ƙwaƙwalwa sun kasa cimma matsaya a kan yadda za a gane larurar da ba za ta taɓa warkewa ba. Idan majalisa ba ta sake taɓa dokar ba, a wannan rana keɓewar da aka yi wa masu larurar ƙwaƙwalwa za ta faɗi da kanta, kuma masu cutar rashin jure sinadarai, waɗanda ake saɓani a kan ko larurarsu ta jiki ce ko ta ƙwaƙwalwa, za su iya shiga ta kowace ƙofa daga cikin biyun.